Duwatsun Toka

Limawa, Dutse
6 ga watan Azumin Tsofaffi, 1345

Takarda daga hannun ƙanenki Mika'ilu magini zuwa ga yayata Adda Kubura a garin Jos. Gaisuwa mai yawa da sada zumunci. Muna nan lafiya, in ban da gwiwata ta hagu wadda ta riga ni tsufa. Matata Safiyatu tana gaishe ki. Ki ce wa mai karanta miki ya yi haƙuri da rubutuna. Kin san a izu huɗu malam ya sallame ni, ya ce allona ya fi ni riƙe karatu.

Bayan haka, Adda, na ga abin mamaki. Ɗanmusa mai fataucin dabino ya dawo daga wajenku da wata 'yar takarda mai ƙyalli, ya ce sunanta hoto. Na karɓa na duba, sai ga Ɗanmusa a ciki. Shi ɗin nan dai, da karyayyen haƙorinsa, da ɗinkin da matarsa ta yi masa a wuyan riga a karkace. Na dubi takarda, na dubi mutum, na sake duban takarda. Na juya bayanta ko zan ga ƙeyarsa, mutanen zaure suka fashe da dariya. Shekara talatin ina yi wa bangon mutane zayyana, ban taɓa zana ko ganyen dabino ya fito yadda Allah ya halicce shi ba, ga wani akwati ya yi mutum sukutum kafin ka ce kwabo.

A bayansa kuwa wani farin bene ne da matakala da ginshiƙai. Ɗanmusa fa, wanda bai taɓa hawa abin da ya fi jaki tsawo ba! Ya ce zane ne a jikin ƙyalle, ana rataya shi a bayan mutum.

Ya kuma ce wannan yaron da kika ɗauke mana tun ranar yaye ya bar haƙar kuza, yanzu shi ne hannun daman mai akwatin. To, madalla. Abin da nake roƙo, ki zauna a ɗauke ki, ki aiko mini in ga yadda sanyin Jos ya yi da ke. In kuma kujerar tana rawa, wani ya tsaya a bayanki don ya riƙe ta, ba zan ce a goge shi ba. Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da tafiyarku.

Haza wassalam.

Jos
21 ga watan Azumin Tsofaffi

Daga Kubura zuwa ga ƙanena Mika'ilu. Ina gaishe ka, ina gaida Safiyatu. Muna lafiya. Uwaisu, yaron da ka ƙi faɗin sunansa, shi ke riƙe da alƙalami, ni ke magana, kuma na hana shi rage ko kalma ɗaya.

Mika'ilu, ka tsufa ba ka bar kewaye-kewaye ba. Kujerata ba ta rawa. Ɗanka kake son gani, ɗan farinka, wanda kunya ta hana ka kiran sunansa, ta hana ka dubansa ido da ido tun ranar suna. Kai mai tsokanar duk Limawa, a gabansa kaɗai bakinka yake mutuwa. Ni ba ruwana da wannan kunyar, ni na goya shi.

Na faɗa masa, bayan kwana biyu ya ce a'a. Ya ce ba zai tsaya gaban benen da bai taɓa shiga ba a aika wa mahaifinsa. In za a gan shi a Limawa, to a gan shi a gida. Taurin kan nan ka san inda ya gado shi.

Saboda haka ga farin ƙyallen akoko nan a hannun Ɗanmusa, an ɗinke shi, tsawo kamu bakwai, faɗi kamu shida. Ka zana mana duwatsun bayan gidanmu, da dabinai, da ƙofar zaure. Ka aiko, mu rataya, mu tsaya a gaba. Amma ka yi hanzari. Maigidansa mutumin Ikko ne, ya ce washegarin Babbar Salla zai koma ƙasarsu da akwatinsa, ba dawowa. Bayansa kuwa ban san wani mai akwati da zai kula irinmu ba.

Ka sha jiƙon sabara don gwiwar nan. Wassalam.

Limawa, Dutse
24 ga watan Sha'aban

Zuwa ga Adda. Gaisuwa da fatan alheri. Lafiya lau muke. Na sha sabarar, gwiwa ta ce a gaishe ki, ba ta tafi ko'ina ba.

Maganar farkon takardarki ban gane ta ba, wataƙila tawada ce ta zube a wurin. Amma maganar aiki na gane.

Adda, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na kafe ƙyallen a bangon zaure da ƙusoshin kara. Na jiƙa ƙaro na dama kalolina da shi don kada su kakkaɓe a hanya. Duwatsu na yi su da jan ƙasar da na ɗebo da kaina daga kududdufin hanyar Kiyawa, na ƙara karan dafi har suka yi ja kamar garwashi, irin jan da suke yi in rana za ta faɗi. Tsakaninsu na bi da baƙin tukunya. Zaure na shafe shi da makuba, jan ruwan ɓawon ɗorawa. Sama kuwa shuni na tsarma da ruwa har ya yi sanyi a ido. Wutsiyar akuyar maƙwabcina ta ba da gudummawar gashi, ba da son ranta ba.

Da na gama, unguwa ta taru. Wata tsohuwa ta nuna dutsen da ake shanya kuka ta ce, “Ga shi nan!” Liman ya zo ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni ko akwai mai rai a ciki. Na ce, “Allah gafarta malam, ko ƙadangare na kora.” Ya ce to babu laifi, ya ƙara matsawa kusa.

Ni kaina na zauna a ƙasa ina kallo kamar ba ni na yi ba. Ki ce wa mutumin Ikko ya naɗe benensa ya yi matashi da shi.

Wassalam.

Limawa, Dutse
9 ga watan Ƙaramar Salla

Zuwa ga Adda. Barka da shan ruwa, barka da salla. Muna lafiya.

Azumi ya wuce kaf ban ji daga gare ku ba. Na ce wataƙila jirgin ƙasa ma azumi yake yi. Jiya Ɗanmusa ya iso, ya miƙo mini hoto guda, babu takarda, babu ko sallama. Na ce ya zazzage burgamensa, ya zazzage, babu.

Na duba hoton. Rabin sama fari fat, babu shunina ko ɗigo. Rabin ƙasa baƙi ƙirin kamar cikin rijiya. Babu dutse, babu zaure, babu dabino. A tsakiyar duhun ga farin mayafinki yana tsaye shi kaɗai, da wasu idanu biyu da na san naki ne saboda harara. A bayanki babu kowa.

Na ɓoye shi a ƙarƙashin tabarma, na ce wa mutanen zaure bai iso ba tukuna.

Adda, ni ba mai zurfin karatu ba ne, amma wannan na karanta shi. An rataya baƙin bargo an rufe aikina, don kada mutanen Jos su ga ƙauyancin magini. Ban yi fushi ba. Wanda ya saba da bene mai ginshiƙai, me zai yi da jan ƙasar Kiyawa? Da dai an faɗa mini da baki, ai na saba, ni ne fa wanda ya taɓa gina rumbu ya manta da ƙofa. Ki ce wa mai karatu ya tsaya gaban benen kawai. Ko gaban bangon masai ne ya tsaya, ni ba bangon zan duba ba.

Na rubuta wannan layin na ƙarshe, na so in goge, tawada ta riga ta bushe.

Wassalam.

Jos
23 ga watan Ƙaramar Salla

Daga Kubura zuwa ga Mika'ilu. Lafiya muke, amma takardarka ta hana gidan nan cin abinci.

Kai da ɗanka duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Ba wanda ya rataya bargo. Ƙyallenka ne a hoton nan, shi ɗin nan. Ranar da muka warware shi a tsakar gida sai da na zauna ina kallo. Uwaisu ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba. Mutumin Ikko ma ya cire hularsa. Amma da aka wanke hoton, abin da ka gani shi ya fito. Sau uku yaron nan yana rubuta maka takarda yana yagawa, wai da wane baki zai ce wa mahaifinsa aikinsa bai yi ba. A ƙarshe ya sa hoton shi kaɗai a burgamen Ɗanmusa ban sani ba. Na yi masa faɗan da ban yi masa ba tun yana satar dabino. Yanzu na ce ya yi bayani da kansa, ko kunya za ta kashe shi.

Baba, ina gaisuwa, ina neman gafara. Idon akwatin ba irin namu ba ne. Ja a wurinsa baƙi ne, makuba ma haka. Shuni mai haske kuwa fari yake ganinsa. Bai san kala ba, haske da duhu kawai ya sani, da abin da ke tsakaninsu. Maigidana ya san haka, ni ma na sani, amma ban tuna cewa ba ku sani ba. Laifina ne. Amma, Baba, ku fito da hoton ku dubi kusurwar ƙasa ta hannun hagu, kusa da ƙafar Adda. Akwai wuri kamar tafin hannu da ya fito dutse sak, har da tsagarsa. Na duba ƙyallen, sai na ga wurin da kuka riƙa goge hannu ne, toka da farar ƙasa da baƙin tukunya suka cakuɗe. Irin wannan akwatin yake so. Ga sabon akoko. Abu ɗaya kuma, daidai inda kan mai tsayuwa zai kai, a bar wurin da haske, in ba haka ba fuska za ta nutse a duhu kamar ta Adda.

Ni ce kuma, Kubura. Ka ji dai. Saura kwana arba'in da bakwai salla.

Limawa, Dutse
24 ga watan Bawan Salloli

Zuwa ga Adda, da duk wanda ya sa baki a takardarki. Gaisuwa. Muna lafiya.

Na ɗaga tabarma na duba kusurwar. Wallahi dutse ne. Wato wata guda na yi ina zuba gwaninta, ashe abin kirkin da na yi shi ne goge hannu. Malamina na allo da yana raye da ya ce ai ya faɗa.

Na jera ƙwarya bakwai a zaure. Ta farko farar ƙasa zalla, ta ƙarshe baƙin tukunya zalla, biyar na tsakiya toka ce, kowace ta ɗara ta gabanta duhu. Sai na tsaya da gashin akuya a hannu na rasa inda zan fara. In babu ja, me ya raba wannan dutse da wancan?

Kwana uku ina haka. Ran na huɗu na fito daga sallar asuba, gari ya fara wayewa rana ba ta fito ba, na ɗaga kai na dubi duwatsu. Adda, babu ja a jikinsu. Babu kore a dabinai. Kala ba ta tashi daga barci ba tukuna, amma komai yana nan a tsaye, kowane dutse da nauyinsa, wannan a gaban wancan, na nesa ya fi na kusa fari. Shekara hamsin da biyar ina wucewa ta nan ban taɓa gani ba. Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu har liman ya tambaye ni ko kunama ce ta harbe ni. Na ce a raina, ashe haka akwatin yake ganin duniya kullum, shi a asuba yake zaune.

Daga ranar, kowace safiya ina zama a kan dakali in kalla, in rana ta fito in shiga in shafa abin da na tuna. In na manta, sai in kanne ido har kala ta gudu. Da can layi nake ja in cika cikinsa. Yanzu babu layi ko ɗaya, inuwa kawai nake sawa, dutsen ya fito da kansa. Tsoro ma abin yake ba ni.

Unguwa ta sake taruwa, wannan karon don dariya. Idirisu wanzami ya ce, “Mika'ilu, wa ya share murhu da zanen mutane?” Tsohuwar nan ta ce Allah ya ba ni lafiya. Na ce musu wannan ba don idonku aka yi ba, kuna da kala da yawa a ka.

Sai maganar haske a bayan kai. An ce in bar shi daidai tsayin mai tsayuwa, amma ba a faɗi tsayin ba, kuma lokacin tambaya ya ƙure. Ni kuwa ina zan sani? Duk sanda aka kawo shi daga gidanki na Kiyawa gaishe mu, ƙasa nake kallo. Ƙafafunsa na sani, yatsansa na biyu ya fi babban tsawo. Ina tsaye ina gunaguni ni kaɗai, Safiyatu ta kawo mini fura. Kin san ta, ta fi ni kunyar yaron nan, in an ambace shi tashi take yi. Ta ajiye ƙwarya, ta je jikin ƙyallen, ta ɗaga hannu ta dafa wani wuri. Sai ta ƙara yatsa huɗu a sama, ta ce, “Ya ƙaru.” Ta fice. Ashe duk shekarun nan tana kallo. A nan na sa farin gajimare tsakanin duwatsu biyu.

An yi yayyafin farko shekaranjiya. Na naɗe ƙyallen cikin fatar saniya, na ce wa Ɗanmusa in ruwa ya tare shi a hanyar Kano ya jiƙe shi, ƙyalle ya tsira. Saura kwana goma sha shida. In wannan ma ya fito rijiya, ku faɗa mini da baki.

Wassalam.

Jos
12 ga watan Babbar Salla

Daga Kubura. Barka da salla. Lafiya.

Ɗanmusa ya iso jajibere da mura, ƙyalle a bushe. Da muka warware na ce, “Innalillahi, ƙanena ya haukace.” Uwaisu kuwa ya kanne ido ɗaya ya yi ta kallo yana murmushi.

Ran salla da hantsi aka ɗauka. Da aka wanke, mutumin Ikko ya riƙe shi a hannu ya daɗe, sannan ya tambaya ko a wace makaranta mai zanen ya yi karatu. Na ce izu huɗu.

Labari ya kai barikin masu haƙar kuza. Mutanen Dutse da na Kiyawa suka zo da kayan sallarsu, layi har bakin titi, kowa yana so a ɗauke shi a gida. Wani ƙato da ya shekara tara bai je ba ya tsaya gaban ƙyallen, aka ce kada ya motsa, haɓarsa ta ƙi tsayawa, sai da aka sake. Har rana ta yi sanyi ana ɗauka. Jiya maigidan ya tafi. Ya roƙi ƙyallen, na hana.

Ga naka nan cikin tsumma biyu. Ba zan ce komai a kansa ba.

Limawa, Dutse
3 ga watan Cika-ciki, 1346

Zuwa ga Adda. Gaisuwa. Muna lafiya, gero ya kai gwiwa, tawa gwiwar tana nan inda take.

Ya iso. Ban buɗe a zaure ba. Na hau bayan gida wajen dutsen shanya kuka na zauna, na warware tsumma.

Adda, ban san yadda zan faɗa ba, karatuna bai kai nan ba. Na ga duwatsunmu. Tokar da na dama da hannuna ban gan ta ba, duwatsu na gani, da nisa a tsakaninsu, har mutum ya ji zai iya shiga ya ɓace. Na ɗaga hoton na jera shi da na gaske, na rasa wanda ya kwaikwayi wani. Ni na san ban iya wannan ba. Akwatin ma bai iya ba, tun da bai taɓa zuwa Dutse ba. Yadda aka yi muka haɗu muka yi shi, ni a nan da ƙwarya bakwai, wani a can da gilashi, Allah kaɗai ya sani.

Ga ki a kujera, kin sami kanki wannan karon. Kujerar kuma na ga an riƙe ta.

Farin gajimaren ya zauna a bayan kansa daidai, ko yatsa ɗaya bai kauce ba. Na dube shi. Shi ma ya dube ni, bai sunkuyar da kai ba, ni ma ban sunkuyar ba. Ba wanda ya gan mu. Ashe yana da gemu. Ashe goshin mahaifinmu ne da shi, da 'yar tsagar gira irin ta Safiyatu. Kunnuwan kuwa, ki ba shi haƙuri, nawa ne. Na zauna tun hantsi har aka kira azahar, na yi kallon shekara ashirin da bakwai a zama ɗaya.

Da na sauko na ajiye hoton a kan faifai a ɗakin Safiyatu, na ce mata hoton Adda ne, na fita neman abin da ban ɓatar ba. Da na dawo tuwo ya ƙone. Tun da na aure ta ba ta taɓa ƙona tuwo ba. Na cinye shi tas.

Idirisu wanzami ya gani, ya ce yaushe zan share masa nasa murhun.

Yanzu, kai mai karatu, tsaya nan. Abin da ya rage kada ka karanta mata, za ta yi mini dariya har ta mutu. Ka ce mata tawada ce ta zube.

Uwaisu.

Ga shi na rubuta, alƙalami bai karye ba. Uwaisu, na gan ka. Ƙofar zauren da ka tsaya a gabanta ta toka ce, ta gasken tana nan, kuma wannan ginin ban manta na yi masa ƙofa ba.

Haza wassalam, daga mahaifinka Mika'ilu.